Each other da one another: tambayoyin da masu koyon Turanci suka fi yi, da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin masu koyon Turanci, tun daga 'yan sakandare masu shirin WAEC da NECO har manyan ma'aikata masu rubuta wasiƙa a ofis, duk a kan each other da one another. Na tattara su wuri guda na amsa gwargwadon iko, duk misalin Turancin da na kawo zan biyo shi da ma'anarsa da Hausa don kowa ya samu ya bi.

Malam, wai mene ne reciprocal pronoun ɗin nan da ake ta faɗa?

Sunan ne kawai yake da nauyi a baki, amma abin kullum kana faɗarsa da Hausa. Juna ne. Wakilin suna ne da ake sawa idan aiki ya tafi ya dawo tsakanin mutum biyu ko fiye, wato na yi maka kai ma ka yi min. Musa ya gaida Audu, Audu ma ya gaida Musa, to maimakon ka tsaya kana jero jimla biyu sai ka ce sun gaida juna, Bature kuma ya ce Musa and Audu greeted each other. Shikenan.

Turanci guda biyu kacal yake da su, each other da one another, babu na uku. Kuma wani sauƙi da suke da shi shi ne ba sa canza siffa. Mu a Hausa muna da junanmu, junanku, junansu, amma a Turanci ko we ne ko you ko they kalmar tana nan yadda take. We help each other, muna taimakon junanmu. You should help each other, ya kamata ku taimaki junanku. They help each other, suna taimakon junansu. Kada ka ce za ka ƙara our ko their a gabanta don ka fitar da "namu" ko "nasu", ba a yin haka.

An koya mana each other na mutum biyu ne, one another na uku zuwa sama. Gaskiya ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma amsar tana da ɓangare biyu, ku bi ni a hankali.

Eh, ƙa'idar tana nan a littattafan makaranta da yawa, kuma malamin da ya koya maka ita bai ƙirƙira ba, shi ma haka ya karanta. Masu rubuta littattafan nahawun Turanci ne suka kafa ta tun wajen ƙarshen ƙarni na 18, aka yi ta kwafa daga littafi zuwa littafi har ta iso ajujuwanmu. Sai dai Turawan da harshen yake nasu ba su taɓa riƙe ta da gaske ba, manyan marubutansu ma suna sa each other ga taron jama'a su sa one another ga mata da miji babu wanda ya ɗaga musu gira. H. W. Fowler, wanda ya fitar da shahararren littafinsa kan amfani da Turanci a 1926, kuma mutum ne da aka sani da kula da ƙa'ida, shi kansa ya nuna cewa wannan bambanci ba shi da wani amfani kuma ba shi da tushe a tarihin harshen. Manyan ƙamus na yanzu ma duk suna nuna cewa ana iya musanya su. Don haka idan ka ji wani ya ce the eleven players hugged each other, 'yan wasa sha ɗaya sun rungumi juna, bai yi kuskure ba ko kaɗan.

Ɓangare na biyu kuma shi ne jarabawa, kuma a nan shawarata daban ce. Idan kana zaune a ɗakin JAMB ko WAEC ko NECO aka ba ka jimla da gurbi, aka sa each other a zaɓi ɗaya one another a wani, to wanda ya tsara tambayar tsohuwar ƙa'idar ce a ransa, in ba haka ba ai ba zai raba su ba. Ka ƙirga mutanen da ke cikin jimlar. Biyu ne, ɗauki each other. Sun fi biyu, ɗauki one another. Ba a yin gardama da takardar jarabawa, maki kake nema, kuma bin ƙa'idar ba ya taɓa sa jimlarka ta zama kuskure, don haka babu asarar komai. Abin da ba na so shi ne ka fito daga makaranta ka riƙa gyara wa mutane magana a kan abin da yake daidai.

To in ma'anarsu ɗaya ce, babu wani bambanci ke nan sam?

Akwai ɗan kaɗan, na yanayi. Each other ta fi yawa nesa ba kusa ba a hira ta yau da kullum da saƙon waya. One another tana da ɗan nauyi, za ka fi jin ta a wa'azi da jawabi da rubutu na hukuma, musamman idan ana magana a kan mutane gaba ɗaya ba wasu sanannu ba, kamar neighbours should respect one another, ya kamata maƙwabta su girmama juna. In kana shakka ka ɗauki each other, da wuya ta ba ka kunya.

Ina jin mutane suna cewa they love themselves idan suna nufin masoya biyu. Daidai ne?

Yauwa, nan ne inda nake so mu daɗe, domin wannan shi ne kuskuren da yake canza ma'ana gaba ɗaya, wancan batun na mutum biyu ko uku ba ya canza komai.

They love themselves ma'anarta suna son kansu, wato kowa kansa yake so, har ma tana iya zama zargi na son kai. They love each other ita ce suna son juna. Ka ga tazarar da ke tsakani ai ba ƙarama ba ce. Kalmomin myself, yourself, himself, herself, ourselves, yourselves, themselves aikinsu shi ne su nuna aikin ya koma kan wanda ya yi shi, su ne kaina, kanka, kansa, kanta, kanmu, kanku, kansu. Each other kuwa aikin ya fita daga wannan ya sauka kan wancan, sannan ya fito daga wancan ya sauka kan wannan.

Duba waɗannan da kyau. The two drivers blamed themselves, direbobin biyu kowa ya ɗora wa kansa laifi. The two drivers blamed each other, kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Ka yi tunanin wannan a rubuce cikin bayanin da aka ba 'yan sanda bayan hatsari, ko a gaban alƙali, kalma ɗaya ta juya maganar ta koma kishiyarta. Haka they injured themselves, sun ji wa kansu ciwo, ƙila faɗuwa suka yi, amma they injured each other faɗa aka yi kowa ya ji wa wani. The girls looked at themselves in the mirror, 'yan matan sun kalli kansu a madubi. The girls looked at each other, sun kalli juna.

Dalilin da ya sa wannan ya yi yawa a Turancin Najeriya sananne ne, kuma ba rashin ilimi ba ne. A Yarbanci da Ibo siga ɗaya ce take ɗaukar ma'anar biyu, kansu da junansu, mai sauraro ne yake ganewa daga yanayin maganar, to sai wannan ya biyo mutane cikin Turancinsu da kuma Burokan, har we know ourselves ta zama ruwan dare da nufin mun san juna. A tsakaninmu 'yan Najeriya kowa zai gane, amma a jarabawa kuskure ne, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba zai fahimci wani abu daban. Abin da yake damuna shi ne Bahaushe ba shi da dalilin faɗawa wannan rami ko kaɗan, harshensa ya riga ya raba masa su tun yana yaro, babu Bahaushen da zai ce "ango da amarya suna son kansu" yana nufin suna son juna, amma sai ka ga ɗalibinmu ya je jami'a ko bautar ƙasa ya ji abokai suna faɗa ya ɗauka shi ne Turancin gayu ya kwaso. Kafin ka rubuta, ka faɗi jimlar da Hausa a zuciyarka. In kai ne ya fito, kansu ko kanmu, sa themselves ko ourselves. In juna ne ya fito, sa each other. Wannan gwajin da wuya ya yaudare ka.

Ni a Nijar nake, Faransanci na fara yi kafin Turanci, kuma abin yana rikita ni. Me ya sa?

Matsalar iri ɗaya ce da wadda na faɗa a sama, ta wata ƙofa kawai ta shigo. A Faransanci se tana yin aikin biyu, ils s'aiment tana iya zama suna son juna ko suna son kansu, sai in ana son a fayyace ne ake ƙara l'un l'autre ko les uns les autres. To idan ka ɗauko jimlar daga Faransanci kai tsaye hannunka zai tafi kan themselves. Ka bi ta Hausa ɗan'uwa, a wannan gaɓar ita ta fi kusa da Turanci. Wanda kuma ya yi karatun Larabci ya tuna ba'aduhum ba'adan, wadda malaman tafsiri suke fassarawa da sashensu da sashe, ita ma gininta kusan irin na one another ne, ɗaya da wani.

Amma na ga an rubuta they shared the money among themselves, kuma a littafi ne. Ba juna ake nufi ba a nan?

Daidai ne wannan, kada ka taɓa shi. Among themselves, among ourselves, among yourselves tsayayyar magana ce mai nufin a tsakaninsu, wato cikin rukunin ba tare da bare ba. Sun raba kuɗin a tsakaninsu. Settle it among yourselves, ku sasanta a tsakaninku. The elders were talking among themselves, dattawan suna magana a tsakaninsu. Ka lura Hausar ma a nan "tsakani" ta kawo. Akwai kuma they built it themselves, su da kansu suka gina, wannan ƙarfafawa ce kawai, babu ruwanta da juna.

Ana haɗe su ne a rubutu, eachother?

A'a. Kalma biyu ce kullum, each other, one another, babu haɗewa babu ɗan layi a tsakiya. Saurin furuci ne yake sa kunne ya ji kamar ɗaya ce. Haka kuma babu each another, babu each others, kada a ɗauki kan wannan a haɗa da jelar waccan.

Yaya zan ce "gidan juna" ko "lambar juna"? Ina ake sa ɗan waƙafin nan na sama?

Each other's, waƙafin sama sannan s. One another's ma haka. Mutane da yawa suna rubuta each others' da waƙafin a bayan s saboda suna ganin ai mutanen suna da yawa, to amma other ɗin da ke ciki tilo ce, don haka wancan kuskure ne ko mutum dubu ake magana a kai. We visit each other's houses during Sallah, muna ziyartar gidajen juna da sallah. We have each other's numbers, muna da lambar juna. The sisters wear one another's clothes, 'yan'uwan suna sa kayan juna.

Sunan da ke biyo baya fa, tilo ko jam'i? Idan abu ne da ake ƙirgawa kuma kowa da nasa, jam'i ya fi yawa, shi ya sa na ce houses da numbers, ko da yake za ka ci karo da tilo ma a rubutun ƙwararru. In abin ba a ƙirga shi to yana nan a tilonsa, they respect each other's privacy, suna kiyaye sirrin juna, they spend each other's money, suna kashe kuɗin juna.

Zan iya fara jimla da each other?

Ba a yi. Each other helped ba Turanci ba ne, kamar dai yadda ba za ka ce "juna sun taimaka" ba da Hausa. Dole sai an fara ambaton masu aikin, sannan ita ta zo a matsayin wadda aikin ya faɗa wa. A hira za ka ji ana cewa we know what each other wants, mun san abin da kowannenmu yake so, tana zuwa a tsakiyar jimla kamar ita ce mai aikin, kuma Turawa suna faɗar haka sosai, amma a rubutu na makaranta ko na ofis gara ka warware ta ka ce each of us knows what the other wants.

Wannan warwarewar ma ita ce asalin kalmar. A da each daban take other daban, each helped the other, kowanne ya taimaki ɗayan, each ce mai aiki other ce wadda aka yi wa, da tafiya ta yi tafiya sai suka manne suka zama abu guda. Shi ya sa har yau in ka raba su aikatau yake komawa na tilo, each of them blames the other, amma they blame each other.

Ina ake sa to, with, at da irinsu?

A gaban duka biyun, ba a tsakiyarsu ba. They talked to each other, sun yi magana da juna. They shouted at each other, sun yi wa juna tsawa. We sat next to each other, mun zauna kusa da juna. They are afraid of one another, suna tsoron juna. They bought gifts for each other, sun saya wa juna kyauta. Abin lura shi ne aikatau ne yake zaɓar ƙaramar kalmar da zai tafi da ita, in listen ne to sai da to, they listen to each other, in depend ne sai da on, we depend on each other, mun dogara da juna. A nan kam Hausa ba za ta taimake ka ba, don mu "da" da "wa" suna ɗauke mana kusan komai, sai dai ka haddace kowane aikatau da abokin tafiyarsa.

Akwai inda ba a buƙatar sa su ko da juna ake nufi?

Akwai, kuma sanin wannan yana sa Turancinka ya yi sauƙi a kunne. Wasu aikatau tun asali ba mutum ɗaya ke yin su ba, irin su meet, marry, fight, argue, quarrel, agree, hug, divorce. They met in Kano ta wadatar, sun haɗu a Kano. They married last year, sun yi aure bara. The boys are fighting, yaran suna faɗa. In ka ƙara each other ba laifi ba ne (sai dai argue, quarrel da agree sai ka sa with a gabanta), wani lokacin ma tana kawar da shakka, misali they got married tana iya nufin kowa ya yi aurensa daban, to in kana so a san junansu suka aura sai ka ce they married each other.

Amma fa kada ka ɗauka duk aikatau haka suke. Love, hate, help, know, trust, see, resemble, waɗannan in ka cire each other maganar ta rataye ko ta canza. They resemble kaɗai ba jimla ba ce, sai they resemble each other ko they look alike, suna kama da juna. They helped tana nufin sun taimaka ne kawai, ba a ce wa ba. We will see kuma ma'anarta "za mu gani", in sai mun haɗu kake nufi ka ce we will see each other tomorrow ko see you tomorrow.

Sai wani ƙari da ba shi da amfani, they both love each other. Both ɗin nan nauyi ne kawai, each other ta riga ta gaya mana duka biyun ne. Za ka ji ana faɗa a baki, amma a rubutu ka cire.

Mutane kawai ake yi wa amfani da su?

A'a, har dabbobi da abubuwa da ƙasashe. The two lorries hit each other, manyan motocin biyu sun yi karo da juna. Nigeria and Niger trade with each other, Najeriya da Nijar suna kasuwanci da juna. Kuma ba dole sai an ga they ko suna biyu ba, kalma mai nufin taro ma tana ɗauka, everyone in this village knows each other, kowa a ƙauyen nan ya san kowa, the couple trust each other, ma'auratan sun yarda da juna.

Wani lokacin ma aikin ba ya tafiya ya dawo da gaske. The plates are on top of each other, farantan suna kan juna, ai na ƙasa ba ya kan na sama, jeri ne kawai, kuma Hausa ma ta yarda da wannan. Ƙaramin tuni a gefe tunda muna kan juna: "tana da juna biyu" she is pregnant ce, kada each other ta shigo nan.

Together da each other ɗaya ne?

Together tare ce. They ate together, sun ci abinci tare. They fed each other, sun ciyar da juna. They cried together, sun yi kuka tare, ba wanda ya yi wa wani komai. Inda suke kusantar juna shi ne with each other, don they live with each other da they live together kusan abu ɗaya ne, ta biyun ce dai ta fi daɗin faɗa. Akwai kuma mutual, sifa ce mai ɗauke da ma'anar juna da za ka gani a rubutun hukuma da labarai, mutual respect girmama juna, mutual understanding fahimtar juna.

One after another da every other fa, su ma 'yan gidan ne?

Kama ce kawai ta fuska. One after another ko one after the other ma'anarta ɗaya bayan ɗaya, the students came in one after another, ɗaliban sun shigo ɗaya bayan ɗaya.

Every other kuwa ku kula da ita sosai don tana da ma'ana biyu kuma babu juna a ko ɗaya. Wani lokacin tana nufin duk sauran, every other student passed, duk sauran ɗaliban sun ci. Amma idan ta zo da lokaci tana nufin a yi ɗaya a tsallake ɗaya, every other week mako ɗaya a yi mako ɗaya a huta, every other day yau a yi gobe a tsallake jibi a yi. Mutane da yawa suna karanta ta a matsayin "kullum", kuma ana rubuta ta a takardar magani, take one tablet every other day, wato ƙwaya ɗaya yau, gobe babu, jibi a sake sha. Idan ka ga haka a takardar asibiti kuma ba ka tabbata ba, kafin ka bar wurin ka sa likita ko mai ba da maganin ya faɗa maka ranakun da bakinsa, in da hali ma ya rubuta maka su a jikin kwalin.